Daga Tebur Zuwa Tafin Hannu: Inda Microsoft Ya Yi Tuntuɓe

 

Ranar 18 ga Yulin 2013, kamfanin Microsoft na Amurka ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa ya tafka asarar dala miliyan 900 a kan kaya guda ɗaya tak. Kayan nan kwamfutar allo ce, wadda a kasuwa ake kira tabilet, shi kuma ya raɗa wa tasa suna Surface RT. An ƙera, an jibge a rumbuna, masu saye ba su zo ba. Sai da aka zabge dala 150 daga farashin kowace ɗaya, wannan ragin ne ya taru ya zama asarar. Washegari hannun jarin kamfanin ya faɗi da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Bayan mako biyar, shugabansa Steve Ballmer ya sanar da cewa zai sauka.

Na san wani zai ce, mu da muke fama da tsadar man tarakta da kuɗin masu yankan riɗi, ina ruwanmu da asarar attajiran Amurka? Ku ɗan ba ni aron kunnuwanku. Dalilin da ya sa waccan kwamfuta ta yi kwantai a rumbunan Amurka, a nan Gadarif ta Sudan ya fi fitowa fili, kuma yana da alaƙa da abin da za mu saya wa makarantun 'ya'yanmu gobe.

Duk wanda ya taɓa neman aiki, ko ya rubuta takardar koke, ko ya raka ɗansa rajista a Jami'ar Gadarif, ya san shagon buga takardu. Ka shiga ka tarar da kwamfutar girke a kan tebur, an lulluɓe ta da tsohon zane saboda ƙura. In akwai wuta fanka na kaɗawa, in babu janareta na ruri a bakin ƙofa. Mai shago ya yaye zanen, ya danna, ku zauna kuna hira har ta gama farkawa. Abin da zai fito a fuskarta Windows ne. Takardarka da Word za a buga ta, lissafin buhunan mai gona kuma da Excel. Dukkansu na Microsoft ne, kamfanin da Bill Gates da Paul Allen suka kafa a 1975, wanda ya kai ga cikin kwamfutoci goma na duniya fiye da tara babbar manhajarsa suke ɗauke da ita.

Ga abin lura kuma: shekaru da yawa ba shi ne ya sayar mana da waɗannan manhajoji ba. Tun Nuwambar 1997 takunkumin Amurka ya hana kamfanoninta ciniki da Sudan. Kwafi ne ake yawo da shi a faifai, daga hannun wannan mai gyara zuwa na wancan. Sai a Fabrairun 2015 aka sassauta a kan kayan sadarwa, babban takunkumin kuma sai Oktobar 2017 aka ɗage shi. Wato Windows ta shiga ƙasar da mai ita ma ba shi da iznin shiga. Ƙarfin da yake da shi a kan tebur ke nan.

To daga ina wannan ƙarfi ya fito? Daga wanda ke biyan kuɗin. Microsoft yana sayar da lasisin Windows ga masu ƙera kwamfuta irin su Dell da HP da Lenovo, yana sayar da Office, wato su Word da Excel, ga bankuna da ma'aikatu da jami'o'i. Shugaban ma'aikata ne ke sa hannu a sayo ɗari biyar a lokaci guda. Akawun da zai wuni a gabanta ba a tambayarsa ko tana masa daɗi. An ajiye masa, an tura shi kwas, ya koya. Shekara talatin kamfanin yana sauraron mai sa hannu. Ranar da kasuwa ta koma hannun mutumin da zai zaro kuɗi daga aljihunsa ya sayi abin da zai riƙe a tsaye, sai ya zamana bai san muryar wannan mutum ba.

Kada kuma a ce bai hango ba. Ya hango tun da wuri. A 2001, a wani baje-kolin kwamfuta a birnin Las Vegas, Bill Gates ya ɗaga kwamfutar allo ya yi hasashen cewa cikin shekara biyar ita za ta fi kowace irin kwamfuta kasuwa a Amurka. A Nuwambar 2002 aka fitar da ita da Windows XP. Hausawa na cewa wanda ya riga ka barci shi zai riga ka tashi, amma a nan zancen bai tabbata ba. Abin da aka fitar ɗin kwamfutar ofis ce aka cire mata ƙafafu: ga nauyi, ga zafi, batir ba ya kai rabin wuni, farashi wajen dala 2,000, kuma sai da alƙalami na musamman za ka iya tsikarar 'yan ƙananan wuraren da aka zana domin linzamin kwamfuta. Wani tsohon mataimakin shugaban kamfanin, Dick Brass, ya rubuta a jaridar New York Times a 2010 cewa mai kula da sashen Office na wancan lokaci ya ƙi a gyara manhajar ta dace da allon. A cikin gida ɗaya, ɗakin da ke kawo kuɗi ya taka wa ɗakin da ke neman gobe burki.

Sai ga Afrilun 2010. Apple ya fito da iPad a kan dala 499, batir awa goma, yatsa kawai take buƙata, yaro ɗan shekara uku ya iya ta kafin la'asar. Miliyan ɗaya ta ƙare cikin kwana 28. Kafin shekarar ta fita an sayar da kusan miliyan 15. Kuma a cikin wannan wata na Afrilu ne Microsoft ya soke wani shirinsa na allo mai fuska biyu mai suna Courier, wanda ma'aikatansa suka daɗe suna aiki a kai. Apple bai ɗauko manhajar kwamfutarsa ya matse ta cikin allo ba. Ta wayar iPhone ya ɗauko ya faɗaɗa. Daga hannu ya faro, shi kuwa Microsoft kullum daga tebur yake farowa.

Martanin Microsoft ya ɗauki shekara biyu da rabi. Ranar 26 ga Oktobar 2012 aka fitar da Windows 8 tare da Surface RT. A nan ne nake ganin babban kuskuren yake, don haka bari in ɗan daɗe a kai. Kamfanin ya so manhaja ɗaya ta gamsar da mai yatsa da mai linzami baki ɗaya, alhali taura biyu ba ta taunuwa. Aka cire maɓallin Start da akawu ya saba da shi tun 1995, aka cika fuskar kwamfuta da manyan murabba'ai masu launi. Ma'aikacin ofis ya zo da safe ya rasa inda zai kashe kwamfutarsa. Mai allon kuma yana cikin shafawa da yatsa sai ya faɗa cikin tsohon fasalin Windows mai ƙananan rubutu. An ɓata wa tsohon abokin ciniki, ba a samu sabo ba.

Ita Surface RT matsalarta ta fi haka. Sunanta Windows, kamanninta Windows, amma irin masarrafar waya aka sa mata, saboda haka tsofaffin manhajojin Windows da mutum ya tara ba sa aiki a cikinta. Mai saye ya kai gida, ya so ya sa manhajar lissafinsa, ta ƙi. Ya shiga kantin sababbin manhajoji, ya tarar da kantoci rabi fanko, domin masu rubuta manhaja suna can wajen Apple da Google inda jama'a suke. An rubuta mata ma'adana mai girman gigabait 32, amma kusan rabi manhajar kamfanin ta riga ta cinye. Farashi kuma dala 499, daidai da iPad, murfin da ake rubutu da shi kuɗinsa daban. Ga kuma fushin abokan hulɗa: kamfanonin da suka shekara suna biyansa lasisi sun wayi gari ya zama kishiyarsu a kanti ɗaya. Shugaban ɗaya daga cikinsu, Acer, na lokacin, J.T. Wang, ya fito fili ya gargaɗe shi ya sake tunani.

Microsoft yana can yana kokawa da Apple a saman kasuwa, ƙasan kasuwa ya riga ya tafi. Google yana ba da Android kyauta. Amazon ya fitar da allonsa a dala 199 a 2011, Google ya biyo da Nexus 7 a wannan farashi a 2012, masana'antun Shenzhen na ƙasar Sin kuma suna zubo nasu ƙasa da dala 100. Ka ce wa mai ƙera allon dala 70 ya biya ka kuɗin lasisi, ina ribarsa? Sai a Afrilun 2014 Microsoft ya yarda ya ba da Windows kyauta ga na'urorin da fuskarsu ba ta kai inci 9 ba. A lokacin kasuwa ta riga ta watse.

Mu mutanen baƙar ƙasa mun san wannan hali. Babbar mota cike da kaya ita ce sarauniya a kan kwaltar Madani zuwa Kassala. Amma bari ruwan Agusta ya sauka, ta ce za ta sauka daga kwalta ta nufi gona: nauyin da ke ba ta daraja a kan titi shi zai binne ta cikin laka, mai jaki ya zo ya wuce ta. Kayan da Microsoft ya ɗauko, wato tsofaffin manhajojin shekara talatin da kuɗin lasisi da alƙawuran da ya yi wa ma'aikatu, ba ya iya sauke su, ba ya kuma iya shiga laka da su.

Yanzu mu dubi nan gida. Ina aka ga kwamfutar allo tana aiki na gaske a jihar nan? Wuri na farko da zan ambata shi ne karatun yara. Ƙungiyar War Child ta ƙasar Holan, tare da Jami'ar Ahfad ta mata da Ma'aikatar Ilimi, sun gwada koyar da lissafi ga yaran ƙauyukan da ba su da makaranta ta hanyar wasa a kwamfutar allo, kuma Gadarif tana cikin jihohin da aka yi gwajin, tare da Farin Nilu da Kordofan ta Arewa. Daga wannan gwaji shirin Can't Wait to Learn ya samo asali, ya bazu zuwa wasu ƙasashe. Ku yi tunanin abin da irin wannan aiki ke nema: na'urar da hasken rana zai caja, wadda za ta yi aiki babu intanet, wadda yaron da bai taɓa riƙe fensir ba zai gane da yatsa, wadda in ta faɗi ta fashe ba za a rufe shirin ba saboda tsadarta. Duba jerin nan da kyau, babu Word a ciki, babu Excel.

Na biyu, sansanonin gudun hijira. Daga Nuwambar 2020, da yaƙin Tigray ya koro dubban mutane daga Habasha, aka buɗe Um Rakuba, daga baya Tunaidba. Ma'aikacin agaji yana tsaye cikin rana, layi a gabansa, allo a hannun hagu, yatsan dama na shigar da suna da yawan iyali. Manhajojin tattara bayanai da ƙungiyoyin agaji suka fi dogara da su, irin su ODK da KoboCollect, domin Android aka gina su. In dare ya yi, a can ofis, wani zai zazzage bayanan ya buɗe su a Excel. Microsoft yana nan a ƙarshen aikin, a kan tebur, inda yake tun asali. Wurin da aikin ke faruwa kuwa wani ne ke riƙe da shi.

Na uku shi ne wanda kowa ya sani. Ka je kasuwar amfanin gona lokacin kakar riɗi. Dillali da wakilin mai gona sun gama ciniki, ba wanda ya ƙirga takardar kuɗi. Wannan ya zaro waya ya buɗe manhajar Bankak ta Bankin Khartoum, wancan ya ce, "Turo min ish'ar." Hoton shaida ya shigo, aka ɗaga shi a inuwar tafin hannu saboda hasken rana, aka karanta lamba, aka yi musafaha. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, kuma Madani ta faɗi a Disambar shekarar jama'a suka kwararo mana, wannan 'yar manhaja ta zama hanyar da ɗan'uwa a Saudiyya ke ciyar da iyalinsa a ajin makarantar da suka fake. Da layukan sadarwa suka ɗauke a Fabrairun 2024 mun ga yadda cin abinci ma ya gagari wasu. Wanda ya gudo daga Khartoum ko Singa bai ɗauko kwamfutar tebur a ka ba. Abin da ya shiga aljihu shi ya tsira, kuma a cikin aljihun nan Samsung ne, ko Tecno, ko Itel, ko Huawei. Mutanenmu da yawa ba su bi ta tebur ba sam. Daga rediyo sai waya.

Akwai lokacin da Microsoft ya so ya sayi hanyar shiga aljihun da kuɗi. Wa bai san Nokia a nan ba, mai tocila, mai kwana uku ba caji? A Satumbar 2013 ya ƙulla cinikin sayen sashen wayoyin Nokia a kan fiye da dala biliyan 7. A Yulin 2015 ya rubuta asarar dala biliyan 7.6 a kan cinikin, ya sallami ma'aikata 7,800. Wannan ya fi ba ni takaici a duk labarin, domin Nokia ta san talakan Afirka, ta san ƙura da zafi da rashin wuta, kuma wannan sanin ya salwanta a hannun wanda ya saye ta. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, shi ya tsinci abin da aka yar: sim biyu, batir mai daɗewa, kyamarar da ke fitar da fuskar baƙin mutum.

A yi adalci, Microsoft bai mutu ba, bai ma yi kusa ba. Satya Nadella ya karɓi shugabanci a Fabrairun 2014, kuma kafin ƙarshen Maris ya saki Office a kan iPad, abin da aka daɗe ana riƙewa don a tilasta wa mutane sayen allon Windows. Ya amince cewa gara manhajarsa ta shiga gidan kishiya da ta zauna a gida babu mai amfani da ita. Surface kuma ta daina kwaikwayon iPad. Daga Surface Pro 3 ta 2014 ta koma kwamfutar aiki mai cire madannai, domin injiniya da ɗan kasuwa mai hali, ta samu 'yar kasuwarta, har Apple ya fito da iPad Pro mai madannai da alƙalami a 2015. Ribar kamfanin ta koma ga hayar manyan rumbunan adana bayanai na Azure, darajarsa ta haura dala tiriliyan 3 a farkon 2024. Ban manta ba kuma cewa tun zamanin Windows Vista ya fitar da fassarar manhajarsa da Hausa, lokacin da kamfanoni kaɗan ne suka san da mu. Amma allon da talaka zai saya, wannan ya bar wa wasu. Da ya sake gwada na'urar aljihu mai fuska biyu a 2020, Surface Duo, Android ya sa mata.

To a nan ne damuwata take, kuma ita ce dalilin sharhin yau. Kada mu yi murnar cewa allo ya kayar da tebur, mu ɗauka an gama. Allo da waya sun ƙware wajen kallo da saurare da turawa da cike gurbi. Amma manhajar Bankak ɗin da muke taƙama da ita, a kan kwamfuta mai madannai aka rubuta ta. Wasan lissafin da yaran ƙauye suka koya da shi, a kan tebur aka zana shi. Lissafin gonar faddan dubu, daga iri da mai da ladan leburori har zakka, yatsa ɗaya ba ya riƙe shi. Idan duk abin da yaranmu suka iya shi ne shafa gilashi, za su zama masu sayen abin da wasu suka ƙera har abada, ko daga Amurka ko daga Sin.

Kuma lokaci yana matsa mana. Ranar 14 ga Oktobar 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 kariyar da yake bayarwa kyauta, Windows 11 kuma ba ta hawa tsofaffin kwamfutoci da yawa, irin waɗanda suka cika ofisoshinmu da shagunanmu, galibi na hannu da aka shigo da su. Za su ci gaba da aiki, amma ƙofarsu a buɗe ga ɓarayin intanet. Duk wanda ke da alhakin saye zai ji sha'awar ya ce a maye su da allo mai araha a huta.

Ina roƙon shugabannin makarantu da kwamitocin iyaye da ƙungiyoyin da ke kawo mana tallafi su raba abin gida biyu. Ga 'yan firamare, musamman a ƙauyukan da babu malami da sansanonin da yara suka yi shekara biyu ba aji, allo mai cajin rana ya dace, a saya. Ga 'yan sakandare da ɗaliban jami'a da cibiyoyin koyon kwamfuta, a bar musu madannai da babbar fuska. Tsofaffin kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi, kada a zubar da su. Akwai Linux, kyauta ce, tana tafiya a kan tsohon inji, tana da manhajar rubutu da ta lissafi, kuma masu gyaran kwamfuta na cikin kasuwa za su iya koyon sa ta cikin 'yan kwanaki. Masu cibiyoyin koyarwa kuma, kwas ɗin wata uku na Word da Excel ya yi kaɗan yanzu. A ƙara wa yara yadda ake rubuta manhajar Android, tunda ita ce a hannun manomi da dillali da mai shayi, su fara da abin da ke gabansu: farashin riɗi da dawa na kowace safiya, da Larabci da Hausa, da murya domin wanda bai iya karatu ba.